Batir Biyu

Ranar da na je kwashe gidan Mama a Aberystwyth
ruwa na dukan taga kamar yana bin mu bashi.
Can ƙasan aljihun tebur, tsakanin tsofaffin rasit
da maɓallan da rigunansu suka daɗe da mutuwa,
na ci karo da ita,
'yar na'urar nan mai ruwan toka, cikin tafin hannu,
fuskarta duk karce kamar ta kwana da kyanwa.

Mai shago ne ya yi wa Mama daɗin baki.
Ya ce akwai kalanda, akwai littafin adireshi,
akwai ƙararrawa mai tuna wa yaro aikin makaranta.
Ni kuwa na sunkuyar da kai irin na salihai
don na riga na hango tseren mota a bayan kwali.
Ni da ita muka fito, kowa na ganin shi ya ci kasuwa.

Na zare batir biyu daga agogon kicin.
Ta yi tari, ta ƙyafta ido, ta farka,
ta gaishe ni da ɗaya ga Janairun wata shekara
da ba ni da gemu, ba ni da bashin banki.

Kalanda ba ta yafe komai ba.
Litinin: takalmin ƙwallo.
Laraba: jarrabawar lissafi, da alamar motsin rai har uku.
Juma'a: yi wa Eluned magana a bas.
Juma'a ta gaba: yi wa Eluned magana.
Haka dai har hutun bazara.
Eluned yanzu tana cire haƙora a Cardiff,
ba ta san an taɓa ware mata Juma'a goma sha ɗaya ba.

Sai na leƙa ɗaya ɗakin, ɗakin wasa.
Jerin gwanaye na nan yadda muka bar shi:
Gethin a sama, shi kaɗai,
sunana daga na biyu har na goma
kamar 'yan agwagi a bayan uwarsu.
Cikin dare yake sace ta, ya shige bargo,
da safe in tarar batir ya mutu, kambuna ya tafi.
A jerin ayyuka duk akwatunan na da kaska sai ɗaya:
Doke Gethin.

Shekara shida ke nan ba mu ce wa juna uffan ba.
Wata 'yar magana ce kan kwale-kwalen Baba
da ta yi tsiro, ta yi reshe, ta rufe hanya.
Daga Dunedin ya sa hannu a takardun gidan.
A littafin adireshin kuwa lambarmu ɗaya,
ta wayar nan ta falo
da aka yanke da safiyar yau.

Na zauna a ƙasa tsakanin kwalaye.
Wayata na ta zillo a aljihu, taro kaza, saƙo kaza,
na bar ta tana cin kanta.
Ashe babban yatsa ba ya mantuwa.
Na wuce ramin farko, na wuce kwanar dutse,
na zo gada, na daki bango
a daidai inda na saba dukansa.
Sau tara. Saura maki ɗari uku da arba'in.

Na ɗauki hoton jerin na tura masa,
babu sallama, babu gaisuwa.
A can ko asuba ba ta yi ba.
Ban gama naɗe labule ba sai ga amsa:
Kana taka birki kafin gada. Kullum haka kake.

Agogon kicin na nan tsaye a huɗu da minti goma.
Ban mayar masa da batirinsa ba.