Gurbin da Babu a Takarda

Karo na huɗu ke nan ina hawa motar Aliero da asuba,
buhunan albasa a bayana, takarduna a cinya,
in sauka Birnin Kebbi rigata na warin gona,
in hau benen ma'aikata in jira a kira suna.

Malam Tambari ne a tebur, tabarau a kan hanci.
Ya turo fom. Likita, ga gurbi. Nas, ga gurbi.
Ungozoma, mai haɗa magani, mai cire haƙori,
har mai gashin ƙashi an yanka masa fili.
Na bi layi da yatsa har gindin takarda,
ban ga inda zan aza ƙafa ba.

"Mi kake yi ne, ɗana?"
Na faɗi sunan. Ya ce, "Kairo-mi? Masar ka yi karatu?"
Na ce a'a, ƙashin baya nake gyarawa, da hannu.
"To, tausa ke nan."
Ba tausa ba.
"To, ɗori. Mutumin Aliero, ai gado ne."

Gado ne, Malam, kuma ba gado ba.
Kakana Nomau ya ɗaure karaya da kara da tsumma,
baƙi daga hayin iyaka sun kwana zaurensa,
bai taɓa rataya hatimi a bango ba,
shaidarsa wanda aka kawo a amalanke ya koma da ƙafa.
Ni shekara biyar na yi a ƙasar sanyi
ina ƙirga gaɓoɓi ashirin da huɗu, daga ƙeya zuwa kwankwaso.
Na koyi inda ake dannawa.
Na koyi inda hannu zai janye ya ce:
wannan ba nawa ba ne, tafi asibiti a ɗauki hoto.
Janyewar nan nake son a rubuta.
Gobe wani zai kafa allo a bakin tasha,
ya murɗe wuyan tsohuwa da sunan aikina,
in babu rajista, wa zai tuhume shi, a gaban wa?

Arzika na can yana jira.
Damina talatin, rani talatin, a sunkuye cikin fadama,
yanzu sallarsa daga zaune,
jikarsa ke sa masa takalma.
In na gifta ya ce, "Lawwali, yaushe?"
In ce sai takarda ta fito.
Ya ce, "Bayana bai yi boko ba."

Malam Tambari ya miƙe zai ɗauko fayil,
ya tsaya a rabi kamar lauje,
hannu a ƙugu, ido a rufe.
Ya dubi ƙofa, ya rage murya:
"Tura ƙyauren nan, ka ɗan taɓa ni nan."

Yatsuna sun riga ni gane wurin.
Na cusa su aljihu.
Na ce, "Malam, in wani abu ya faru,
a wane gurbi za ka rubuta ni?"

Ya yi dariya, dariyar ta soke shi, ya zauna.
Ya jima yana kallon fanka.
Sai ya jawo rula, ya ja layi da fensir
a ƙasa, ƙarƙashin mai gashin ƙashi.
"Rubuta nan. Ban yi ma alkawari ba.
Kwamiti sai bayan Salla.
Kuma ba a yi wa mutum ɗaya doka, ku nawa ne?"

Mu uku ne.
Ni, da wata a Zuru, da wani ɗan Yawuri
da ya gaji ya koma sayar da taya.
Na ce, "Uku."
Ya ce, "Ku zama bakwai."

Na rubuta, bakin fensir ya karye a harafi na shida,
ya ara mini wuƙa na fiƙe.

Da la'asar, tsakanin Kalgo da Jega,
motar na faɗawa rami tana fita,
ina jin kowane rami a bayan direba.
Na ciro waya, na nemo lambar mai taya.
Tana ta ringi.