Rariyar Taliya

A Valparaíso gidaje sun hau tudu
kamar awaki masu bin ganye.
Can ƙoli, Evaristo Quilodrán
ya kwana uku yana zana fitila
yana yagewa.

Yana yaro ya sha littattafan kumbo,
masu yagaggen bango da warin teku,
inda ake shuka tumatir a bayan wata,
ƙofofi kuma na buɗe kansu da ganin inuwa.
Ya girma, ƙofofin kantuna sun koya.
Tumatirin dai shiru.

Daren nan aka ɗauke wuta.
Ya kunna kyandir a madafa.
Iska ta taso daga tashar jiragen ruwa,
sai ya kife masa rariyar taliya,
ta kakarsa, mai hannu ɗaya,
gindi a lotse.

Rufin ɗaki ya cika da taurari,
har kusurwar da yoyo ya ɓata.

Shekara arba'in tana shan ruwan zafi,
ba wanda ya tambaye ta
me kuma ta iya.

Ya ƙirga hujojin: ɗari biyu da sha bakwai.
Ya jawo takarda.

Washegari da cokali aka tsamo taliya.