Tayar Baya

Darbejiya ta yi fure a ƙofarmu,
Ƙamshinta ne ya tashe ni da safiya.

Bargo ya koma ƙasan akwati,
Bazara ta shigo ba sallama ko ɗaya.

Na jawo kekena daga zaure,
Na latsa da yatsa, na ji tausayin taya.

Shekara biyu daga Kurna zuwa Wambai,
Ta goge sumul kamar bayan ƙwarya.

Faci bakwai gare ta, ni na ƙirga:
Uku ƙusa, ɗaya kwalba, sauran ƙaya.

Ran Laraba ta sace mini a Fagge,
Ina turi, 'yan adaidaita na dariya.

Na isa rumfa rana ta take,
Takalman mutane na jiran zare da igiya.

Da la'asar na nufi wajen Sallau,
Mai faci, mai shan shayi ba madara, mai gaskiya.

Ya sauko da biyu daga jikin ƙusa,
Ya ce, "Barau, zaɓi, amma ka tuna hanya.

Wannan siririyar ta kwalta ce,
Kan ka taka sau uku ka wuce Asibitin Ƙashi, ba wuya.

Amma bari hadari ya haɗo daga gabas,
Lungunku ya cika, za ta kai ka ƙasa ba kunya.

Wannan mai haƙoran nauyi gare ta,
Za ka yi gumi, cinya za ta sha wuya,

Sai dai ko taɓo ya kai idon sawu
Tana cizon ƙasa, ba ta san santsi ba a duniya."

Na juya su, na shinshina robar,
Na tuna bara, da na faɗa kwata tsakiya,

Buhun fata a kaina, hula a ruwa,
Wata tsohuwa na cewa, "Sannu, ka tashi lafiya?"

Na laluba aljihu. Kuɗin makarantar Ladidi
Na gefe guda, ba na taɓa su ko da tsiya.

Abin da ya rage na guda ne tak.
Na ce, "Mai haƙoran. Sa mini ita a baya.

Ta gaba ta yi haƙuri sai bayan salla,
Ita dai nuni take, nauyin yana baya."

Ya ɗaura, ya buga famfo, ya ɗiga wa kaca mai,
Ya karɓi kuɗi, ya ƙi na ɗaurin waya.

Yanzu kullum tana gurnani a kan kwalta,
Zafi na dukan ƙeya, ina ta tafiya.

Masu siririya na wuce ni fiu,
Ban ce musu komai ba, na bar shi a zuciya.

Na sayi mangwaro uku a Ƙofar Ruwa,
Na ɗaga kai: gabas ta soma baƙi tun jiya.

Ko ɗigo bai sauka ba tukuna.
Ni dai na shirya. Saura ruwa da hanya.