Abin da Ke Kusa da Hannu

A Jidda, bayan la'asar,
a layin masu kwamfuta na titin Khalid ɗan Walidu,
na shiga da riyal dubu biyu da ɗari takwas,
ɗinkin wata huɗu, naɗe a aljihun jallabiya.
Rumasa'u na gefena,
ta sunkuya tana karanta ƙananan rubutu
irin waɗanda idona ya daina gani tun bara.

Biyu kaɗai kuɗina ya kai.
Ɗayyib mai shago, mutumin Madani,
ya jera su kafaɗa da kafaɗa a kan gilashi,
launi ɗaya, nauyi ɗaya, kamar Hassana da Usaina.

Ya ce, "Bambancin yana ciki, ya Hajji.
Wannan zuciyarta na bugun gigahaz huɗu da ɗigo bakwai,
amma kash ɗinta megabait takwas ne.
Waccan huɗu da ɗigo biyu take,
sai dai nata sha shida."

Ni ban san gigahaz ba,
ban taɓa gaisawa da megabait ba.
Na dai san bakwai ta fi biyu,
na kuma san mai gudu shi ake wa kirari.
Na ɗora yatsa a kan ta farko.

Yarinyar ta yi murmushin uwarta.
"Baba, gudun nan ƙafarka ce a kan feda.
Kash kuwa faifan nan ne na gefen kekenka,
inda almakashi yake, da alli, da zare.
In babu abu a faifai, dole a tashi a je kabad."

Sai shagon ya ɓace mini.
Na ga ɗakinmu na Karantina, shekarun baya,
fanka tana juya zafi kawai,
Ɗan'azumi yana taka keke kamar ana binsa,
ƙararsa har bakin titi.
Amma minti kaɗan ya miƙe:
ina maɓalli? wa ya ɗauke tef?
Zare ya ƙare, sai ya haura bene.
A lungu kuma tsoho Tanimu,
ƙafarsa a hankali, kamar mai jan carbi,
komai nasa na nan inda hannu zai faɗa ba da dubawa ba.
Kafin kiran magariba
abaya tara a rataye bayan tsoho,
shida bayan yaro,
ɗaya ma da hannu a karkace.

Ɗayyib ya zuba mana shayi, ya rage murya:
"Lambar gudun ma ba kullum ba ce.
In ciki ya ɗau zafi, da kanta take sassautawa.
Ka kuwa san zafin garin nan."
Na ce na sani. Ni ma da azahar haka nake.

Na tambaye ta aikin da za ta ba ta.
Ta ce zanen gidaje, bene kan bene,
layi dubu da za a riƙa ɗauka ana mayarwa.
Na ce to, wannan ɗinki ne.
Ba mu mai babban faifai.

Na ƙirga kuɗin sau biyu, ya ƙirga sau ɗaya,
ya ƙara mana jaka kyauta.
A waje iskar teku ta taso da ɗanshinta,
fitilu sun fara kamawa.
Ta rungume kwalin a ƙirji, tana gabana da taku uku,
tana lissafin kwanakin da suka rage
kafin motar Dammam.

Shekara talatin ina koya wa yara
su ajiye abin da suke bukata kusa da hannu.
Ga shi yau, da kuɗina, da yardata,
na sayi guzurin
wadda ke zura mini zare a allura.