Tambaya Sittin

A hawa na huɗu, a Osu,
inda sanyin na'ura ke cizon gwiwar hannu,
Madam Akwele ta miƙo mini fensir,
ta ce babu amsar daidai, babu ta kuskure.
Mu goma sha bakwai ne. Kujerar aikin ɗaya ce.

Tambaya sittin. Gaban kowace akwati biyar,
daga "sam ba ni ba ce" zuwa "ni ce sak".

"Ina jin daɗin zama cikin jama'a."
Wanda ya rubuta wannan bai taɓa kwana a Nima ba.
Mu tara ne a ɗaki da rumfa,
tarin maƙwabci ma a kunnenka yake sauka.
Wa ya taɓa tambayar kifi ko yana son ruwa?

"Nakan fara yi wa baƙo magana."
Wannan Asana ce.
Ta riga ni fitowa da minti ashirin,
tun daga ranar take riga ni komai.
Ita ke ciniki a kasuwar Mamobi
har mai tumatir ta yi dariya ta ƙara mata gyara.
Ita ke daka wa yaron mota tsawa in ya riƙe canji,
ni ina bayanta, na riga na ƙirga,
na san sidi biyu ne suka rage,
na haɗiye.

Na duba akwatin farko, inda nake zaune.
Na cika na ƙarshe.

Daga nan hannuna ya daina shawara da ni.
Mai saurin sabo? Sak.
Mai yawan damuwa? Sam.
Na ari bakinta, na ari dariyarta mai tashin kaji,
kamar yadda nake aron mayafinta ranar Juma'a
ba tare da na tambaya ba.

Ta arba'in da uku kawai na amsa da kaina:
"Wani lokaci nakan ji kamar wata ce ke rayuwata."
Na sa tsakiya. Tsoro ya hana ni matsawa.

Bayan la'asar aka fito da ni a takarda:
layi biyar, wani dogo, wani gajere,
kamar an jera rake.
Madam ta ce, "Irinki muke nema, mai faran-faran."
Na yi godiya da muryar da ba tawa ba,
ta kuwa zauna mini daidai. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Shekara uku ke nan Asana tana Kuwet,
tana wanke tukwanen mutanen da ba su iya kiran sunanta ba.
Saƙonta na murya da can minti tara ne,
yanzu "lafiya lau, ku gai da Mma",
a hankali, kamar mai magana cikin tulu.
In aka ba ta wannan fensir yau,
wane akwati za ta cika?
Wataƙila nawa. Na bar mata shi babu kowa.

An ce hali zanen dutse ne.
Amma na san dutsen niƙan Mma,
na ga yadda tsakiyarsa ta lotsa
a inda hannu ya fi yawan komawa.

Mma ba ta taɓa buƙatar tambaya sittin ba.
Tana juya koko, bayanta ga ƙofa,
daga yadda aka ajiye bokiti take sanin wace ce:
mai dangwararwa, da mai saukewa kamar ƙwai.

Da magariba na tsallake kwata, na shiga lungunmu,
na gai da mai gawayi tun kafin ya gaishe ni,
na tura ƙofa, na yi sallama da ƙarfi.

Ludayi ya tsaya.
Ba ta juyo ba tukuna.
Ta ce, "Asana?"

Takardar tana hannuna, a ninke huɗu.
Na daɗe a tsaye
ina neman akwatin da zan sa amsar.