Zoben Takwas

Babana Misnawi kan riga zakara tashi,
ya cusa jiƙaƙƙen tsumma a baki,
ya gangara cikin Ijen, inda dutse ke huci,
shuɗiyar wuta na lasar duhu.

Ni ina Banyuwangi, littafi a cinya.
Malama Sulastri ta zana a allo:
ƙwayar farar wuta, elektron shida a zaure,
saura biyu gida ya cika.
Sai ta miƙa hannu dama, ta miƙa hagu,
takwas su kama juna, zobe ya rufe.
Na ce, Malama, haka mahaƙa ke yi a gangare
in hayaƙi ya juyo musu ba sallama.
Ta yi shiru. Ta goge allo.

Oksijin yayarta ce, tsatso ɗaya,
amma ita bibbiyu take yawo, riƙo biyu, ƙam,
ga haɗama: duk wanda ta kwana da shi
sai ta janye mayafin gefenta.
In sun gamu a bakin bututu,
ɗan da suke haifa ba ido, sai haƙori.
Ruwa yake nema. Ya same shi a idon babana,
a maƙogwaro, a huhu,
nan ya rikiɗe asid.
Na cinye makin wannan tambaya duka.
Ban nuna masa takardar ba.

Ba oksijin haidirojin biyu, ka sha, ka yi alwala.
Ba farar wuta su biyun nan, ka toshe hanci,
ruɓaɓɓen ƙwai ke nan.
Kama da wane ba ta wane.
Shi ya baƙanta zoben azurfar innata Tuminah,
ta goga da toka har ta gaji, ta sallama.

Ya ce a can ƙasa ja take ɗigowa, kamar jini,
sai ta huce ta daskare rawaya.
Na ce zafi ke tsinke zoben,
in ya sauka, sannu a hankali su sake kama hannu.
Ya yi dariya har tari ya ƙwace ta:
"Ni ma na sha zafin, Ningrum,
yaushe zan koma daidai?"

Kilo saba'in, kwando biyu, sandar gora,
kanta a kafaɗa kamar tozon sa.
A kai sikeli, a loda mota,
a can ta wanke sukari ya yi fari tas,
sukarin da nake zuba masa a kofi.

Jiya na yi masa aski a tsakar gida.
Malama ta ce har a gashi tana nan,
gada ce tsakanin zare da zare,
ita ke hana shi watsewa.
Na tsinci sili ɗaya, furfura,
na kara a fitila.

Ya ɗago kai, ya shaƙa,
ya ce, "Wa ya kawo dutsen gida?"