Kaset Mai Lamba Sha Bakwai

Cikin kwalin madara, ƙarƙashin gadon Inna,
na tarar da su jiya, talatin da huɗu.
Gara ta ci kwalin, ta bar mini robar.
Kowane da lambarsa, da rubutuna na ɗan aji uku,
a karkace kamar gero bayan iska.
Na sha bakwai ne kawai ba hannuna ba.

Na kai wa Modi a Tsohuwar Kasuwa,
shi kaɗai ya rage da rikoda mai numfashi.
Ya hure ta, ya goge ta da auduga,
ya soka biro a idon kaset, ya juya, ya juya.
"Wanga zare ya tsuhwa," in ji shi,
"in ya tsinke, babu ruwana."

Bai tsinke ba.
Farko waƙar Indiya, daga can nesa,
wadda muka ɗauka ta bayan katangar silima
daren da kuɗinmu ya tsaya a gyaɗa.
Ana jin mai tsire yana ciniki a cikinta,
ana jin wani yana tari har amshi ya wuce.

Sai ƙat. Sai sarƙar keke. Sai ruwa.
Sai Jabbi, ya ƙara wa muryarsa shekara ashirin:
"Jama'a, nan gidan rediyon Kwalkwalawa,
muna watsa shiri daga gindin gada.
Gaisuwa ga masu albasa a fadama,
gaisuwa ga jakin da ya ƙi hawa kwalekwale,
gaisuwa ga mai furar Dundaye da ba ta san sunana ba."
Dariyata ce ke bin bayansa, siririya,
ban san na taɓa mallakar irinta ba.

A kan wannan kaset muka ɓata.
Ya ce na ara, na rantse ban ara ba,
har na dafa kaina a gaban abokai.
Ya tafi Fatakwal da buhunan albasa,
ni na zauna da gaskiyata
shekara ashirin da shida, ashe a ƙarƙashin gado take.

Da la'asar na ɗauki Luba a babur.
Muka bar Runjin Sambo da hayaƙinsa,
hanya ta gangara, iska ta canja wari:
danyar ƙasa, tafarnuwa, kashin shanu.
Rima ya ja baya, ya bar yashi shimfiɗe,
yara na wanke jajayen awaki a gefe,
balbelu sun yi sahu a kunyar shinkafa
kamar sun zo ɗaurin aure.
Giginyar da muke jingine kekuna babu ita,
injin ban ruwa ne a wurin, yana ta surutu.

"Baba, nan ne?"
Na ce nan ne, ko kuma can gaba kaɗan.
Gulbi ba ya kwana inda ya kwana bara.

Ta ɗauki hoton gada, ta ɗauki na rana
tana narkewa a kan rufin jami'a,
sannan ta miƙo mini wayar:
"Danna nan, ka yi magana, kada ka saki."
Lambarsa na wurina tun bikin ƙanwarsa.

Na danna. Ruwa ya fara shiga kafin ni.
Na gyara murya, na rage mata shekaru:
"Jama'a, nan gidan rediyon Kwalkwalawa.
Sanarwar cigiya ce.
Wanda ya ɓatar da kaset mai lamba sha bakwai,
an tsinta.
Ɓarawon na nan gindin gada, ya yi furfura."

Na saki.
Luba ta ce alamar ta yi shuɗi, ya ji.
Muka tsaya, sauro ya fara karɓar haraji,
wani masunci ya naɗe komarsa ya wuce.
A saman wayar, ƙananan haruffa
suna cewa yana magana,
suna ɓacewa,
suna dawowa.